Mala'ikan Bai Yi Wa Iliya Wa'azi Ba

Ni Kirista ce, 'yar Makera ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, na kuma san mafi yawanku Musulmi ne. Don haka idan kun ji na ambaci majami'a ko Littafi Mai Tsarki, daga inda nake tsaye nake magana. Ciwon da zan ba da labarinsa kuwa na tabbata ba ni kaɗai ya taɓa ba, duk mai taifin a waya cikin dare ya san shi.

Bara da bazara ina tsakiyar wani labari da nake saki a WhatsApp, kullum feji ɗaya. Na yi wa masu karatu alkawari, su kuma ba sa mantuwa. Da yamma zan karɓo wayata daga wurin mai caji, in jira gida ya yi tsit, in sayi datar garaɓasa ta tsakar dare, in shige gidan sauro in yi ta bugawa har ƙarfe uku, wani lokaci har sai na ji ladanin unguwarmu ya yi kiran farko. Tun ina makaranta na saba da karatun dare, sai na ɗauka haka Allah ya yi ni, basira ba ta zo mini sai duniya ta yi barci. Da safe ba na iya cin komai. Abincina lemon kwalba mai ƙara kuzari da biskit, idan kai ya sara in aika yaro kemis ya sayo mini ƙwaya.

Amma ba rubutu kaɗai ke hana ni barci ba, gara in faɗi gaskiya. Duk wanda ya fito daga Dutsin-Ma, ko Kurfi, ko Safana, ko Batsari ya san yadda dare ya koma a shekarun nan. Kare ya yi haushi, kowa ya kasa kunne. Tsakanin sakin layi da sakin layi sai in leƙa guruf ɗin gari: an ce an gan su a kan babura, an ce sun nufo gabas, an ce ƙarya ne, an ce a dai yi addu'a. Daren da ba abin da ya faru ma zuciyata ta yi gudun da ƙafata ba ta yi ba. Rubutun ya zama mini wurin ɓuya, sai dai wayar da nake ɓuya a cikinta ita ke kawo mini abin da nake gudu.

Sannu a hankali na zama wata iri. Ƙirjina yana zafi kamar an zuba barkono, gabana yana faɗuwa ba dalili, ƙannena suka daina shigowa ɗakina saboda tsawa. Ran Lahadi ina zaune cikin mawaƙa, Baba Fasto na wa'azi ina gyangyaɗi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne addu'a. In na durƙusa sai in ji wayam, kamar mai magana a cikin rijiyar da ta ƙafe. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa na yi nisa da Allah ne, maganin kuma azumi. Ban shawarci kowa ba. Na ɗauki kwana uku ba ci ba sha, a watan Afrilu, lokacin da ko kaza baki buɗe take yawo.

A rana ta biyu na faɗi a bakin famfon burtsatse da jarka a hannuna.

Matan da ke layi ne suka ɗauke ni. Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Inna, ita ta yayyafa mini ruwa, ita kuma ta raka Mama asibiti. Bayan an sa mini ƙarin ruwa ta ji dalilin faɗuwar, sai ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muke wata guda cur, ai muna sahur muna buɗa-baki, marar lafiya kuma an ɗauke masa. Ke wa ya aike ki?" Ban da amsa. Ma'aikaciyar jinya kuma ta tambayi irin ƙwayar da nake sha, da na kwatanta mata ta girgiza kai. Ta ce magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki, balle a sha su ba abinci, ta ce alamun gyambon ciki ne gare ni. A ranar na fara jin cewa ba yunwa kaɗai ake zargi da olsa ba, akwai wata ƙwayar cuta da ke haddasa ta, akwai kuma irin waɗannan magunguna da muke saye kamar alewa.

Kakata ta zo daga wajen Kurfi kwana biyu bayan an sallame ni. Tana shigowa ta ce, "Kishiya, ashe so kike ki mutu ki bar mini mijin ni kaɗai? To ban yarda ba, wa zai riƙa taya ni faɗa?" Ta dama kunun gero mai ɗumi, ta zauna a bakin katifa sai da na shanye. Na fara yi mata bayanin yadda addu'ata ta bushe, ina kuka, ta ce in yi shiru in kwanta. Na yi barci tun hantsi har la'asar. Da na farka ta sake miƙo mini kwano. Sai bayan nan ta ciro Littafinta daga cikin ƙullin zane, ta ce idonta ya yi rauni, in karanta mata Sarakuna na fari, sura 19.

Labarin Annabi Iliya ne, wanda 'yan uwa Musulmi suka sani da Annabi Ilyasu. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi, amma ɓangaren wuta a Dutsen Karmel na riƙe, inda ya yi nasara a kan annabawan Ba'al. Abin da ya biyo baya ban taɓa tsayawa a kansa ba. Sarauniya Yezebel ta aika masa cewa za ta kashe shi. Mutumin da jiya ya tsaya gaban sarki da jama'a, yau sai ya gudu. Ya kai Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Daga nan barci ya kwashe shi. Mala'ika ya zo ya taɓa shi, ga gurasa da aka toya, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Mala'ikan ya sake dawowa, ya sake ba shi abinci. Sai bayan haka ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb, a can ne Allah ya yi magana da shi, ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin wata murya marar ƙarfi.

Na rufe littafin. Kaka ta ce, "To, ke mai boko, a ina kika ji mala'ikan ya yi masa wa'azi?" Na sake dubawa. Babu. Annabi guda yana roƙon mutuwa, an turo masa manzo daga sama, abin da manzon ya kawo shi ne abinci, da ruwa, da damar ya ƙara barci. Ba a ce masa bangaskiyarsa ta yi rauni ba. Ba a ce ya ƙara azumi ba. Magana ta zo, amma sai da jiki ya dawo. A ƙarshen surar ma an haɗa shi da Elisha, wato an ba shi abokin tafiya, shi da ya bar baransa ya shiga jeji shi kaɗai.

Tun daga ranar nake cin karo da irin wannan a wuraren da na sha karantawa ban gani ba. A Markus sura 5, da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, gida ya ruɗe da mamaki, shi kuwa ya ce a ba yarinyar abinci. A sura 4 ana hadari a teku yana barci a jirgi, har da matashi. A sura 6 ya janye almajiransa gefe su huta saboda jama'a ta hana su ko cin abinci. Manzo Bulus kuma ya kamanta jikin mai bi da haikali. Ni da nake share majami'a ran Asabar ina goge benci, ga yadda na yi da wannan haikalin.

Na lura tsaran Kaka ba su da wannan rabe-raben da ni na ɗauko, na cewa ruhu na Allah ne, jiki kuma jaki ne a yi ta lafta masa kaya. Wataƙila don yadda addinin ya iso musu ne. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, 'yan mishan na SIM kuma da magani suka shigo ƙasar nan tare da karatu: Babbar Ruga kusa da Katsina inda aka kula da kutare, asibitin ido na Kano, asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950. Ikilisiyar ECWA da muke ciki daga wannan aikin ta fito a 1954. Mutum ya zo a wanke masa gyambo, a nan ya koyi baƙaƙe, a nan ya ji bishara. Kaka ba ta taɓa kiran abin da take yi da wani suna ba. Tana dai kwanciya bayan cin tuwo, ta tashi da kiran asuba na maƙwabta ta yi addu'arta, ta sha ruwa, ta ɗauki tsintsiya.

Abin da na canza ba shi da yawa, ba kuma abin burgewa ba ne. Mafi wuya shi ne waya. Ƙarfe tara na dare nake kai ta ɗakin Mama in ajiye. Makon farko ji na yi kamar an yanke mini hannu, na yi ta juyi ina tunanin me ake cewa a guruf. Babana ya ce in kwantar da hankalina, in akwai abin gudu ba a waya zan fara ji ba, za a buga mana ƙofa. Maganar ba daɗi, amma gaskiya ce, ta kuma sa na yi barci. Masana sun ce baligi na buƙatar aƙalla awa 7, ni da nake yin uku ina taƙama.

Da safe ina shan ruwa kafin komai, in karanta Zabura ɗaya, in yi addu'a gajera. Da can ina auna addu'a da tsawonta, yanzu wata rana ba ta wuce in ambaci sunayen mutanen gidanmu da na maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, in roƙa mana kwana lafiya na gaba. Sannan karin kumallo, ko kunu ne da ƙosai, ko ɗumamen tuwo. Na bar lemon kuzari. Na koma wa kwaɗon zogale da rama da nake rainawa, na kuma yi ta faɗa da Mama a kan dunƙule, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, ga shi miyarmu sai an jefa huɗu an ƙara gishiri. A nan dai ban ci nasara ba, mun tsaya a uku. Motsa jiki kuwa, hukumar ta ce minti 150 a mako. Na yi dariya da na gani, domin macen ƙauye mai daka da ɗiban ruwa ta wuce haka tun ran Talata. Ni ce mai zaman ɗaki, sai na karɓi ɗiban ruwan safe daga hannun ƙanwata. Yawo cikin gonaki ba na yi, kowa ya san dalili.

Akwai kuma abin da ban sa a lissafi ba sai da na gan shi yana aiki. Ran Alhamis nakan bi Mama taron Zumuntar Mata, ni da ba ni da aure, in zauna a baya. Ana waƙa, ana kaɗa tulu, wata ta faɗi damuwarta a yi mata addu'a, wata a haɗa mata kuɗin magani. A can na fara faɗa da bakina cewa tsoro nake ji da dare. Wata dattijuwa ta ce ita ma. Wata ta ce ita da takalmi take kwana. Muka yi dariya har da hawaye. Tsoron bai tafi ba, amma ya rage nauyi tunda na san ba a ƙirjina kaɗai yake ba.

Ban ce azumi laifi ne ba, kada a fahimce ni a karkace. Yesu ya yi, Kaka ma tana yi. Nawa ne ya zama gudun magani, na ɗauki gajiya da yunwa da tsoro na sa musu sunan zunubi, don ya fi mini sauƙi in tuba da in ajiye waya.

To, rubutun fa? Nan ne ya yi ciwo. Na koma rubutu da biro a littafi bayan na dawo daga famfo, in buga a waya da rana. Feji ɗaya a kwana biyu, wani lokaci uku. Masu karatu sun yi ƙorafi, wasu sun fita, wata ta rubuto cewa na fara jan aji. Na ji zafin wannan ƙwarai, don da wuya na tara su. Sai dai da na koma na karanta fejojin da na buga ƙarfe biyun dare, na tarar da wata jaruma da na kashe a feji na 18 tana soya miya a feji na 26, ba kuma wanda ya faɗa mini.

Ban zama waliyyiya ba. Makon jiya ma labari ya ɗauke ni, na saci wayar daga ɗakin Mama na kai ƙarfe ɗaya, washegari ƙirjina ya tuna mini. Kaka ta koma gida tuni, amma duk wanda zai zo daga wajensu sai ta ba shi saƙo. Na baya-bayan nan ƙullin garin kunu ne da 'yar tsamiya, ɗan acaɓan da ya kawo ya tsaya a ƙofar gida yana dariya, ya ce tsohuwa ta ce a tambayi kishiyarta ƙarfe nawa ta kwanta jiya.