Gonar da Ƙuri'a Ta Fidda

Jikana, na ji an ɗauke ka aikin bincike, an ba ka waya cike da tambayoyi. Jawo tabarma.

Ina saurayi na taɓa raka wani malamin gona awon amfanin damina a nan Karofane. Ba mai iya auna kowace gona, sai a zaɓi kaɗan. A kafa turaku huɗu, a ja igiya, a yanke geron da ke ciki, a sussuke, a ɗora a sikeli, a ninka lissafin ya tsaya wa gari duka. Ƙa'ida ita ce ƙuri'a ta fidda gonar. Mu kuwa rana ta dake mu, babur ya ƙi hawan duwatsu, muka kafa turakunmu a bakin fadama, inda zangarniya ke rinjayar kara. Takarda ta ce an ƙoshi. Mutanen kan tudu, waɗanda geronsu ya ƙone tun bai fid da kai ba, ba wanda ya ga giɓinsu. Har yau in na gamu da 'ya'yansu a kasuwar Bouza sai in ji nauyi.

Ka ga mai sayen hatsi? Ba ya yarda da bakin buhu, sai ya cusa hannu har gwiwar hannu, don ya san inda ake ɓoye tsakuwa.

Kai ma haka: maigari zai kai ka gidajen da ya saba shiga. Ba mugunta ba ce, karamci ne. Ka sha furarsa, ka yi godiya, ka bi jerin gidajen da ƙuri'a ta fidda maka.

Sai maganar yawan mutanen gida. Nijar ta yi ƙidaya a 1977, 1988, 2001 da 2012, ta ƙarshen ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya. Amma tsofaffinmu, da sun ga baƙo da alƙalami, lanho, wato haraji, suke tunawa, sai gida ya tsuke. Tun rabon taimakon yunwar 2005 kuma, gidan nan dai sai ya kumbura. Don haka kar ka ce "ku nawa ne?" Ka tambayi wa da wa suka ci daga tukunyar jiya, suna bayan suna. Da rani maza sun tafi Abijan ko Libiya, uwargida ce ta san tiya nawa ta rage a rumbu.

In ka tarar da gidan ƙuri'a a rufe, kar ka faɗa na maƙwabci don yana buɗe. Mai gidan wataƙila yana rijiya da dabbobi. Ka dawo bayan la'asar.