Mai jinya ma yana son taimako

Yau maganata bisa wahalar mai jinyar iyaye ce.

Ciwon daji, watau kansa, ya kama mahaihiyata a mama. Likita ya tura mu Yamai, wajen kilomita 300 daga Gaya, ta hanyar Doso. Can aka soma gashin kansa da na'ura a shekara ta 2021. Kowace tahiya sai an saida tunkiya ko buhun shinkahwa.

Ƙanwata ke kwana gunta: wanka, wanki, tada ta, kwantar da ita. Cikin wata 6 ita ma ta rame, baya na ciwo, babu barci. Kukanta a ɓoye take yi, kada a ce ta gaji da uwatta.

Sai muka raba kwanaki, kowa da ranarsa. Wanda ke nesa ya aiko kuɗin mota.

'Yan'uwa, gajiya ba rashin biyayya ba ce. Kuma ba a ɗaukar kansa wajen taɓa majinyaci, ko cin tuwo da shi. Ku shiga, ku karɓi mai jinya ko na wuni guda, ya huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ba mu lahiya, amin.