Mesa a Bayan Firji

Macijin da ake kiwo a gida, in ya kuɓuce, ba ya yin nisa. Ɗumi yake nema, da lungu mai duhu da zai matse jikinsa a ciki. A Ingila na ga haka, lokacin da mesar maƙwabcina ta ture murfin akwatinta na gilashi ta ɓace.

Ƙaramar mesa ce, irin wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Ba ta da dafi. In ta tsorata sai ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiya.

Ni da na tashi inda ganin maciji a ɗaki ke sa a kwarma ihu a rarumo sanda, sai ga ni durƙushe da tocila ina leƙa ƙarƙashin kujera, har ina fatan kada wani ya taka ta. Abin ya ba ni mamaki, har yanzu ma yana ba ni.

Maƙwabcin bai damu da yunwa ba, don mesa kan yi watanni ba ta ci komai ba. Sanyin hunturu ne ya hana shi barci, tunda jikinta ba ya samar da zafin kansa. Da yake da dare take yawo, ya barbaɗa fulawa a bakin kowace ƙofa. Da safe sawunta ya nuna kicin. Muka jawo firji, ga ta kwance kusa da inji, inda zafi ke fita. Ya tallabo ta da hannu biyu, washegari ya sayo wa akwatin makulli.