Bencina Goma Sha Biyu

Ni kafinta ne. A unguwar Zango aka haife ni, nan cikin Damagaram, zarto da guduma su ne gonata. Ina so in ba ku labarin wani ɗaki da na yi wa aiki sau biyu, wanda har yau bai fita raina ba.

Ranar 24 ga watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar. An raba ƙasa komin-komin har 265, kowace da magajin gari da ƴan majalisarta. Da yawa ba su da ko wurin zama. Wata komin ta karkara, ba nisa da birni, ta samu tsohon ɗakin ƙasa mai rufin kwano, ta ce shi ne zauren shawara. Aka kira ni. Na yi musu dogon tabur guda, da kujerun kansiloli, da benci 12 na jama'a. Fitila kuwa sai ta Allah: taga biyu da ƙofa. In zama ya kai magariba, sakatare ya kunna fitilar ƙwai.

Wata rana na kai gyaran kujera, na tarar ana zaman kasafin kuɗi, sai na zauna in ga yadda ake yi. Bencina sun cika maƙil. Ga mata masu tuyar ƙosai sun zo jin maganar harajin kasuwa, ga makiyaya da kukan burtalin da gonaki suka cinye. Waɗanda ba su samu wuri ba sun leƙo ta taga. Sakatare yana karantawa da Faransanci, wani yana mayarwa da Hausa. Da aka zo kan kuɗin rijiya, wani tsoho ya yi gyaran murya da ƙarfi, har sai da aka sake karanta adadin. Ba shi da izinin magana, amma an ji shi. Doka ce ta buɗe wa kowa ƙofar wannan zama, ni kuwa na ba shi abin zama. Na koma gida ina jin kaina.

A 2018 aka yi bukin 18 ga Disamba a Damagaram, wanda aka kira Zinder Sabuwa. Ko'ina fenti, ko'ina kwalta da fitilun titi. Zazzaɓin gyara ya kai har ƙauye. Komin ɗin nan ta samu kuɗi, ta ba wani ɗan kwangila aikin zauren, shi kuma ya ɗauke ni in buga silin.

Gaskiya aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An sa fitilun zamani da ake kira LED, farare tas, ba su zafi, ba su shan wuta da yawa. An ɗora farantan hasken rana bisa kwano, da batura. Wannan dabara ce mai kyau, don wutar yankinmu da yawa daga Najeriya take zuwa, ta Katsina da Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, birni ya sha duhu, ɗakin nan ko gezau. Wani kansila mai raunin ido ya ce mini, bai taɓa ganin lambobin takarda sarai ba sai a ƙarƙashin wannan fitila.

To, amma ranar da aka kawo kayan zama, sai na ga yara suna fitar da bencina waje. Na ce wa ɗan kwangila, "Alhaji, ina za a kai su?" Ya ce, "Baba, waɗannan ai ba su dace da ɗakin ba." A madadinsu aka jera kujeru shida masu laushi, wai na manyan baƙi. An yi daɓe mai sulɓi kamar madubi. An toshe tagogi da gilashin da ba ya buɗuwa, ƙofa kuma kullum a rufe don kada sanyin na'ura ya fita. Ba wanda ya kori kowa. Amma manomin da ya taso daga gona da ƙura har gwiwa, in ya tura ƙofa ya ga wannan daɓe, da kansa zai ja da baya.

Sai na tuna fadar Sarkin Damagaram a Birni, ginin ƙasa tun zamanin Sarki Tanimun, zaure bayan zaure. Ba na ce babu tsoro a can ba, ga dogarai tsaye da jajayen riguna. Amma mai ƙara yana tuɓe takalmi ya zauna ƙasa, ƙasa kuwa ba ta ƙarewa, ko mutum nawa suka zo.

Na samu magajin gari na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ko benci huɗu daga baya. Zan kankare su in shafa musu fenti, ba sai an biya ni ba." Ya ce za a duba. Ni ma ina da nawa laifi. Na karɓi kuɗin aikina, ban sake komawa kan maganar ba, don kada in ɓata da masu ba ni aiki.

Benci bakwai suna ƙofar masallaci yanzu, huɗu malamin yaƙi da jahilci ya roƙa aka ba shi. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa wakilai. Da na bi ta garin bayan haka, da yamma, na leƙa ta gilashi. Fitilu na ci, kujeru an lulluɓe su da leda. Mai gadi yana waje kan benci na goma sha biyu, ya matsa ya ba ni wuri, muka sha shayi.