Gwangwan: Ina Rawar Gauraka Ta Tafi?

'Yar uwa, in kin bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo da damina kika shiga Gwangwan, idonki zai ƙoshi da kore: masara, dawa, fadamu cike da ruwa. Balbela na nan, shamuwa na nan. Amma da wuya ki ga gauraka, tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya, wanda a da ya cika fadamun ƙasar Hausa.

Kash! An yi asarar kallo. Da ruwa ya sauka, namiji sai ya rusuna wa mace, ya buɗe fikafikai, ya daka tsalle, ya tsinko ciyawa ya watsa sama. In ta yi na'am sai ta mayar masa da rawar, su haɗa murya su yi kuka tare. Ba lefe, ba kayan toshi, amma galibi in sun haɗu sai mutuwa. Sheƙa a cikin ciyawar ruwa suke yi, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci kusan wata guda.

Wannan kuka na tare shi wani ɗalibi, George Archibald, ya nazarta a Jami'ar Cornell ta Amurka. A 1973 shi da abokinsa Ron Sauey suka kafa gidauniyar kare gauraki. Can aka kawo masa Tex, wata 'yar dangin gauraka da ta tashi a hannun mutane, ta ƙi kula mazan jinsinta ƙememe. Bawan Allah sai ya shiga yi mata rawa da kansa, safe da yamma, har jikinta ya yarda ta yi ƙwai. Da dabarar likitoci aka samu ɗa a 1982.

Mu kuwa namu kamawa aka yi ta yi ana kai wa gidajen masu hali don ado, kuma gauraka a tsakar gida ba kasafai take haihuwa ba. Fadamu suka koma gonaki. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Chalawa da ke nan Ƙaraye, na 1992, suka rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru.

Yau ɗalibar da ke son wannan nazari, ko daga cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos take, sai ta ɗauki madubin hangen nesa da littafinta ta nausa Waza a Kamaru ko Zakuma a Chadi, ta laɓe tun asuba tana ƙirga tsalle.