Arha Ta Kusa Cinye Mini Mashin

Mashin ɗina Bajaj ne, yayana ya bar mini da zai koma Zariya. Da shi nake tasowa daga Kakuri zuwa harabar makarantarmu ta Barnawa kullum, kuma shi ke rage mini kuɗin abin hawa.

A zangon da ya wuce, lokacin da kuɗin buga firojet ya sa ni a gaba, na je juye baƙin mai. Mai shago ya ɗora mini filta biyu a kan kanta. Ɗaya a kwalinta, ɗaya tsirara a leda. Ya ce, "Duk aikinsu ɗaya." Bambancin kuɗin bai wuce shayi da burodi na kwana biyu ba, amma na ɗauki ta ledar.

Bayan sati uku, ina kan hanya da safe, sai na ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na tura shi wajen wani dattijon makanike. Da ya ciro filtar, takardar cikinta ta yage, robar bakinta ma ba ta zauna daidai ba.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka san aikin wannan abar?"

Na ce, "Tace mai, Baba."

"To in ta yage, me take tacewa? Garin ƙarfe da datti duk sun koma cikin injin suna cin ringi da fistin. Allah ya taimake ka bai buga ba."

A nan ya koya mini abin da ya kamata in sani tun farko. Ka tafi da tsohuwar filtarka ka gwada tsayi da faɗi. Ka duba lambar da ke jikin kwali. Ka ƙirga ninkin takardar: mai kyau ninkinta da yawa, a jere, manne da kyau. Kada ka mayar da tsohuwar roba. Man kuma ka nemi 20W-50 mai alamar JASO MA, domin wani man mota yana sa kulocin mashin ya riƙa zamewa.

Gyaran ya cinye kuɗin firojet ɗin gaba ɗaya. Sai da na kira yayana, kunya kamar in nutse. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Arha ba ta ado."

Yanzu in na ga ɗalibi yana ciniki a kan filta, nakan matsa kusa in ce, "Abokina, buɗe kwalin mu gani tukuna."