Jimlar da Ta Hana Mu Barci

 Yau za mu ajiye ƙagaggen labari mu faɗi abin da ya same mu, mu uku, matasan wata ƙaramar coci a Dutsin-Ma. Da yake da yawanku ba ku taɓa shiga coci ba, bari mu ɗan share fage.

A sujadarmu ta Lahadi, kafin wa'azi, akwai lokacin shaida. Duk wanda Allah ya yi wa wani alheri sai ya miƙe ya faɗa: an sauka lafiya, an ci jarrabawa, ciwo ya yi sauƙi. Da muka dawo daga Katsina da difulomarmu, dattawa suka ce tunda mu ne masu biro, mu riƙa rubuta shaidun a littafi don a karanta a ƙarshen shekara. Muka karɓa hannu bibbiyu. A ganinmu nan ne ran sujada yake, koyarwa kuwa hadda ce da muka baro a Makarantar Lahadi.

Wata Lahadi sai wata uwa ta miƙe, cikin iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Kurfi. Ɗanta ya yi kusan wata guda a daji, an sako shi. Ta ce ta yi azumin kwana uku, ta yi mafarkin yana tafe, ta kuma rufe da cewa duk mai bangaskiya ta gaske, nasa zai dawo. Guɗa ta kaure, ganga ta tashi, mu ma hannunmu har rawa yake muna rubutu. Ba mu lura da wata a bencin zumuntar mata ba, wadda ta sunkuyar da kai ta fice kafin baiko. Ƙauyensu ɗaya. Nata mijin an biya kuɗi, an kai babur, har yau ko gawa.

Makon da ya biyo ba ta zo ba, na gaba ma haka.

Akwai wani dattijo da muke tsokana a ɓoye, don ko addu'ar abinci sai ya kawo aya. Shi ya nemi ganin littafin. Ya karanta, ya ɗora yatsa a kan jimlar ƙarshe. "'Ya'yana, dawowar yaron nan shaida ce. Wannan layin kuwa koyarwa ce, kuma ba tamu ba ce." Muka ce, "Baba, ai abin da ta ji a ranta ta faɗa, wa zai ƙaryata ta?" Ya ce babu mai ƙaryata mafarkinta. Sai ya tuna mana abokan Ayuba, waɗanda suka dage cewa laifinsa ne ya jawo masa masifa, kuma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa. Ya tuna mana Yesu da kansa ya roƙi a ɗauke masa wahala a Getsamani, washegari aka gicciye shi. "Shi ma bangaskiyar ce ta gaza?"

Sai daga baya muka gane tushen tsananinsa. Kakanninmu da yawa Maguzawa ne, sun fito daga gidajen da bori da mafarki ke yanke hukunci. Masu bisharar SIM da suka zauna a Matazu da Babbar Ruga sun zo musu da karatu, Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito da Hausa tun 1932. A wajen su Baba, rubutaccen abu ne ya raba su da tsoron "wane ya ce ya gani". Mu kuwa mun tashi da wa'azin waya, kowane bidiyo mu'ujiza, ba a taɓa nuna maka wanda aka yi wa addu'a ya mutu ba. Ba wai Baba ba shi da nasa ba. Da za a bar masa sujada shi kaɗai, sai barci ya kwashe rabin coci, kuma uwar nan ba za ta sami inda za ta zubar da hawayen murnarta ba.

Mun sha gardama a tsakaninmu. Mu share jimlar, mun ci amanar mai magana, abin da muke yawan gargaɗin juna a kai a wannan harka tamu. Mu bar ta, ran ƙarshen shekara za a karanta wa mai jiran miji cewa ita ta gaza. Da abin ya ishe mu, muka ɗauki littafin muka kai wa mai shaidar har gida, muka karanta mata. Ta dafe baki. "Haka na ce?" Ta ce mu soke layin a gabanta, ta yafa gyale, ta ce mu raka ta.

A bakin ƙofa muka tsaya, ba mu ji abin da suka tattauna ba. Da za mu tafi, ɗayar ta kira mu. "Ku masu rubutu, ni ma ku rubuta tawa. Ku ce yau wata bakwai, ina nan ina jira, ban daina addu'a ba."

Mun rubuta. Har yanzu dattawa ba su yanke ko za a karanta ta a Disamba ba, amma Baba ya ce idan an amince, shi zai karanta.